Wasiƙar da Na Naɗe Kifi da Ita

Ni dai tun ina ƙarama babu kalmar da na tsana kamar "woo". Ƙafata ta hagu a shanye take. In na ɗauko tiren kifi daga bakin ruwa zuwa kasuwar Yelwa ina ɗingishi, sai yara su biyo ni da tafi: "Woo, gurguwa, woo!" Na jefi wasu, na zagi iyayen wasu. Inna takan ce zuciyar nan tawa sai ta ja mini wata rana.

Shekarar da aka ba mu sabuwar jiha aka kawo wani malamin firamare daga Wara. Dogo ne, mai sanyin magana. In ya zo sayen banda sai ya tsaya yana juya tarwaɗa ɗaya, ya ƙi saye ya ƙi tafiya. Bai taɓa kallon ƙafata ba. Ba zan ɓoye ba, na so shi. Ranar da bai zo ba ko cinikin ba ya mini daɗi.

Wata rana ya ajiye takarda a gefen tirena, ya juya da sauri. Da Turanci ya rubuta, shi da muke Hausa kullum. Ni kuwa a aji huɗu na bar makaranta. Na koma bayan rumfa ina haɗa baƙi. Sauran kalmomin sun fi ƙarfina, amma ɗaya na gane sarai, har ya ja mata layi a ƙasa: "woo". Kusa da ita ga "you", wannan na san ta. Wato ni ke nan.

Ashe duk sanyin nan nasa dariya yake mini a ciki? Da na kai wa wani ya karanta mini, da an wuce wurin. To, girman kai ya hana. Wa zan miƙa wa takarda ya karanta yadda ake mini ba'a?

Da ya dawo washegari, na naɗe masa kifi a cikin wasiƙar, mai ya jiƙe rubutun, na miƙa masa a gaban mutane. Na ce, "Malam, ga amsarka. Kada ka ƙara tsayawa a rumfata." Ya dubi ƙunshin, ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya ba ki haƙuri." Bai sake zuwa ba. Kafin damina na ji ya nemi canji zuwa Shanga.

Bayan shekara uku yayarsa ta zo kasuwa tana tambayar rumfata. Ta ce zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu, bai yi aure ba. Ta ce, "Zuwa na yi kawai in ga wadda ta ƙi shi." Na ce wa ya ƙi wa? Ai ba'a ya yi mini. Ta dube ni kamar marar hankali, ta tafi.

Ranar ban ƙarasa ciniki ba. Na tafi gidan wani tsohon hedimasta a unguwarmu, na zana masa baƙaƙen nan uku na wasiƙar a ƙasa da yatsa. Ya ce, "Ba wo ake cewa ba, ɗiyata, wu ake cewa. Neman aure ne. Namiji ya bi mace a hankali, da lallashi, har ta yarda da shi. Ba a cika faɗinta da baki ba, ta littafi ce. Wanda ya rubuto miki ita ya sha wahalar nemo ta."

Na ce, "Ba ta ba'a ba ce, Baba?"

Ya ce, "Ba'a kuma? Wa ya gaya miki?"

Babu wanda ya gaya mini. Daga baya na yi aure, na haihu, mijina mutumin kirki ne, ban raina ba. Amma har yau baƙin cikin nan bai sake ni ba. Layi bakwai ne a wasiƙar, na ƙirga su a bayan rumfa. Kalma biyu na karanta, sauran na naɗe kifi da su, kuma babu wanda zan tambaya abin da suka ce.