Sukarin Mai Tsaron Gida

Da mutum zai iya mayar da ihu cikin bakinsa, da na mayar da wanda na yi a filin balo na Tasawa, wurin wasan ƙwallon ƙafa, ina yaro ban balaga ba. Furfura ta cinye mini kai, amma ban taɓa faɗin gaskiyar ranar ba sai yau.

Shekarar nan ƙungiyar garin ta hau sampiyona, babbar gasar ƙasa, tana karawa da manyan ƙungiyoyin Yamai da Damagaram. Mu mutanen wajen Korgom a amalanke muke zuwa kallo, bayan an gama zuba gero a rumbu. Kawuna ke ɗauko ni. Maƙeri ne mai zafin zuciya, in muka sha kashi ko fura ba ya iya sha. Kashi kuwa mun sha shi a shekarar. Har wasan ƙarshe ya zo, in ba mu ci ba sai a mayar da mu ƙaramar gasa.

Ranar kamar an ɗinke ragar baƙin da suka zo karawa da mu. A buga, ta daki ƙarfe. A sake bugawa, mai tsaron gidansu, wani dogo siriri, ya cafke. Can wani ya hango 'yar jakar fata a gindin ragarsa. Nan take magana ta zaga fili: laya ce, ya ɗaure gida. Mutanenmu kuwa sun yi imani babba ba ya taɓa irin wannan abu ya wanye lafiya, sai yaro.

Ana busa hutun rabin lokaci kawu ya damƙi kafaɗata.

"Kai ɗan nan, ruga ka ɗauko muna tsiyar can. In ka dawo hannu wofi, da ƙafa za ka tahi gida."

Na kutsa ta ƙarƙashin igiya, na suri jakar, na cusa a wando. Mai tsaron ya biyo ni, taku kaɗan ya riƙe mini hannu. Bai ko matsa ba. Dariya ma yake yi.

"Haba ƙanena, ba ni kayana mana."

Na ga idon dukan fili a kaina, na ga na kawu. Sai na zube ƙasa na kwarma ihu: "Wayyo! Ya karya ni!"

Igiya ta tsinke, jama'a suka kwararo. Kawu ne ya fara isa, da ƙafar benci a hannunsa. Mai tsaron ya faɗi ya rufe kansa da hannuwa, hannuwan nan da suka hana mu ci, su aka yi ta duka ana takawa. Ina kwance kusa da shi, ina jin ƙashi na ƙara kamar ana karya karan dawa. Jini ya jiƙa yashin. Sai da jandarma suka shigo da kulake aka janye shi, aka jefa a bayan mota, yatsunsa na reto.

A gida aka ɗaure mini hannun da babu abin da ya same shi, mata na ta yi mini sannu. Na ce wa kawu jakar ta faɗi cikin turmutsitsi. Da na samu sarari na zaga bayan rumbu na buɗe ta. Ƙwayoyin sukari ne da rabin lemun tsami, abin da 'yan wasa ke tsotsa lokacin hutu. Na rasa inda zan ɓoye su, sai na cinye.

Aka ba baƙi nasara, aka rufe filin, muka sauka. Daga baya muka ji a rediyo mutumin ya bar balo ke nan. Kawu ya rasu yana alfaharin ya ceci ɗan ƙanwarsa, ni kuma na bar shi ya tafi da wannan.

Yanzu jikokina a waya suke kallon wasa, su yi ta zagin alƙali suna dariya. Ni ko sunan mutumin ban sani ba, balle in nemi gafararsa. Don Allah, ku masu zuwa fili, kada ku aiki yaro da fushinku. In kuma yaro ya yi kuka an taɓa shi, ku duba hannun tukuna kafin ku ɗauki sanda.