Mangwaron Mainasara

A goye aka shigo da Mainasara garin Jangeru daga ƙasar Nijar, shekarar da fari ya cinye dabbobin ubansa. Nan ya girma, ya yi aure, nan ya binne matarsa Uwani. Gonar da yake nomawa ta aro ce. Malam Maitama ya ba shi ba tare da rubutu ba, sai damin gero ɗaya duk kaka, don kada a manta mai ita.

Kowa ya san ɗan aro ba ya dasa icce. Gero na shekara ne, icce kuwa da'awa ce. Amma bayan rasuwar Uwani, Mainasara ya dasa mangwaro inda take ajiye masa fura. Malam Maitama ya gani, ya kau da kai. Ɗansa Muhtari bai kau da kai ba.

Malam ya rasu, hare-haren daji suka tsananta, gwamnati ta zuba kuɗi a bakin iyaka: sababbin motoci, shingaye, jami'ai masu fitila a ƙugu. A kasuwa kuma maganar ɗaya ce, baƙi ne ke kai wa ɓarayi labari. Aka ce duk wanda ya san baƙo ya faɗa.

Muhtari ya sami Mainasara a gona.

"Baba, iccen ga ya yi kyau. Na wa ne?"

"Na Allah ne, ɗana. Inuwa kawai nika sha."

"Inuwa? Haka aka fara, gobe jikokinka su ce gadonsu ne."

"Ni da ban da ko ɗiya?"

Muhtari ya yi dariya, ya tafi. Ya gaya wa kansa tsaron gari yake yi, kuma kafin ya isa wurin jami'ai har ya yarda.

Suka zo da sabuwar mota, kujerunta da leda. Aka tambayi maƙwabta ko sun san asalin Mainasara. Mutanen da ya yi wa iyayensu wankan gawa suka ce, to, gaskiya dai ba nan aka haife shi ba.

Sun sauke shi bayan shinge, a ƙasar da bai san kowa ba.

Muhtari bai sare mangwaron ba. Bana ya fara 'ya'ya.