Tambayar da Malam Sama'ilu Ya Kai Gwiwa

Duk faɗin garin Roni mutum biyu ne suka iya ces, wasan nan da ake ce wa darar Turawa, kuma tun da ɗayan ya kwanta ciwo sai ya zama saura Malam Sama'ilu shi kaɗai. Wasa ne kuwa da ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Ya gwada, yana zagayawa wancan gefen allo yana rama wa kansa, har ya gaji da cin kansa da kansa.

Malam Sama'ilu Bafulatani ne, dogo, siriri, maganarsa sai an roƙa. Malamin firamare ne, ya koyar a Babura da Roni har ya yi ritaya. Abokinsa Maikasuwa kuwa Babarbare ne, malamin gona, gajere, kakkaura, ga baki kamar reza. Tun suna sakandare a Kazaure wani malamin lissafi Ba'indiye ya koya musu wasan, da zai koma ƙasarsu ya bar musu allon da 'ya'yan wasan. Sun haura shekara arba'in suna bugawa a zauren Sama'ilu, kuma da yake akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, Maikasuwa bai taɓa kiran abokinsa da sunansa ba.

"Ɗan Fillo bawana," haka yake cewa in Sama'ilu ya kai hannu kan ɗan wasan da ake ce wa doki, "kai da ka gaji saniya, ina ka san hawan doki? Ajiye, kada ya kayar da kai."

Sallarsu ta uku a shekara ita ce gasar ces ta ƙasa da ake yi a kudu. A da sai sun aika Kazaure an sayo musu jarida, su sami wasa ɗaya a shafin baya, ya riga ya kwana biyu. Su jera shi a kan allo, su bi shi taku-taku, su yi ta musu a kan mutanen da ba su taɓa gani ba. Sama'ilu mai tattali ne, ko soja, ƙaramin ɗan wasan, ba ya son rasawa. Maikasuwa kuwa ɗan kasada ne, zai jefar da babban ɗa yana dariya, sai can gaba ka gane ramin da ya haƙa maka.

Bara da damina hawan jini ya kayar da Maikasuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Babban ɗansa Ukasha ya ɗauke shi ya kai shi gidansa a Gwiwa. Sama'ilu ya je dubiya sau ɗaya, ya kuma yi ta yadda kowa ke yi. Ya zauna a bakin tabarma, ya sassauta murya, ya ce, "Sannu Maikasuwa, ya jikin? Allah ya sa kaffara ce." Maikasuwa ya dube shi, ya juyar da fuska bango. Tun daga ranar Sama'ilu bai koma ba. Yau ya ce gwiwarsa, gobe ya ce hanya. Gaskiyar magana tsoro yake ji, kada ya je ya tabbatar cewa mutumin da ya sani ba ya cikin wannan jikin.

Da gasar bana ta zo, 'yarsa Sadiqa da ke koyarwa a Kazaure ta saita masa waya yadda zai riƙa ganin kowane taku ana yin sa. Sai dai sabis a unguwarsu sai ya ga dama. Kullum da hantsi sai ka ga dattijo ya tattare riga ya hau dutsen bayan gida, ya ɗaga waya sama, ya zauna cikin awaki. In ya sauko ya jera abin da ya gani a kan allo, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna babu kowa a wancan gefen.

Ya gwada matarsa Tasalla. Ta saurara tana gyaran wake, ta ce, "To Malam, su waɗannan ba su da aikin yi ne?" Ya gwada majalisar ƙofar masallaci. Mutanen kirki ne, suna ganin girmansa, suka saurare shi har ya gama, ɗaya ya ce, "Ikon Allah," sannan aka koma maganar taki. Da sun yi masa dariya ma da ya fi masa sauƙi. Ya koma gida yana jin kaɗaici irin wanda bai taɓa ji ba, alhali gidan cike yake da jikoki.

Ranar wasan ƙarshe wani matashi ya kara da tsohon zakara. Ana tsakiyar wasa matashin ya miƙa sarauniyarsa a fili, ɗan da ya fi kowane ƙarfi a allo, a inda za a iya cinye ta a banza. Tsohon zakara ya daɗe yana tunani, ya ƙi ci, ya janye, kuma a ƙarshe ya sha kashi. Sama'ilu ya juya abin nan ta kowace fuska. Me ya hana shi ci? Ina ramin yake? Ya kasa gani, domin shi idonsa na mai tattali ne. Mutum ɗaya ya sani a duniya da zai kalli wannan allo ya kwashe da dariya ya ce, "Ɗan Fillo, ga shi nan a gaban hancinka."

Washegari bayan karin kumallo ya naɗe allon a cikin ɗankwalin Tasalla, ya hau acaɓa sai Gwiwa.

Ukasha ya tarbe shi a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe shi. Da ya ga abin da ke cikin ɗankwalin sai ya sosa ƙeya.

"Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma likita ya ce kada a wahalar da shi. Kuma 'yan dubiya na shigowa, in suka ga majinyaci da wasa a gabansa..."

"Na san ubanka tun ba a san za a haife ka ba," in ji Sama'ilu. "Matsa."

Maikasuwa na jingine da matashi a shirayi, ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Sama'ilu ya yi sallama, ya haɗiye sannun da ta zo masa baki, ya ce, "Kai Babarbare, rago! Ana can ana gasa kai ka zo nan ka miƙe ƙafa?"

Gefen bakin Maikasuwa na hagu ya motsa. Idonsa ya yi haske. Sama'ilu ya kwance allon cike da murna, ya jera 'ya'yan daidai inda wasan ya tsaya masa.

"To duba nan. Farare na yaron ne, ga sarauniyarsa a bakin kura. Ni ne baƙaƙe. Me zai hana in cinye ta?"

Maikasuwa ya daɗe yana kallon allon. Can ya miƙa hannun hagu, ya ɗora yatsa a kan wani farin soja, ya tura shi gefe, gida ɗaya. Soja kuwa a ces gaba kawai yake tafiya, ba ya zuwa gefe. Sama'ilu ya ɗauka hannun ne ya goce, ya mayar da shi inda yake. Maikasuwa ya yi gurnani, ya ture masa hannu, ya sake tura sojan gefe, ya tsaya kusa da wasu farare biyu. Uku suka jeru. Sai ya miƙa hannu can cikin baƙaƙe, ya zaɓi sarauniyar Sama'ilu, ya cire ta daga allo, ya ɗago yana kallon sa da murmushin wanda ya ci.

Nan Sama'ilu ya gane. Dara Maikasuwa ke yi, irin tamu ta gindin bishiya, wadda in ka jera uku sai ka cire ɗan abokin wasa duk wanda ka so. Ita ya fara iyawa yana yaro, ita ciwon ya bar masa. Ces ɗin ya tafi, da ramukansa da kasadarsa duka.

Ukasha da ke tsaye a bakin ƙofa, wanda bai san bambancin doki da soja ba, ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Baba ya tuna wasansa!"

Sama'ilu bai gyara masa ba. Ya dubi allon, ya dubi abokinsa da ke jiran a rama. Ya ɗauki baƙin doki, wanda ya yi shekara arba'in yana tsallake da shi, ya tura shi gefe gida ɗaya.

"Ka ci sa'a ne kawai, bawana," ya ce. "Taka."

Suna nan har aka kira azahar, Maikasuwa na jera uku yana kwashe masa 'ya'ya, yana dariya da rabin baki, Sama'ilu na zolayarsa kamar da.

Da Ukasha ya rako shi bakin hanya, fuskarsa fal farin ciki, ya ce, "Baba, ashe kansa na nan daram. Don Allah ka riƙa zuwa kuna yi."

"Zan riƙa zuwa," in ji Sama'ilu, kuma da gaske yake.

Ya hau acaɓa, ya rungume allon a ƙirjinsa. Har suka isa Roni yana juya wasan ƙarshen nan a ransa, yana neman dalilin da ya hana tsohon zakara cin sarauniya, bai samu ba, kuma yanzu ya san babu wanda zai tambaya.