Inci Ɗaya da Rabi a Wuyan Yayata

Shekara goma sha ɗaya yayata tana ɗinka wuyan riga, wuya kawai. A shagon da suke ɗinkin kayan 'yan makaranta kowace da nata aikin, wata hannu, wata aljihu, wata maɓalli. Ita kekenta yana bakin taga, na uku daga ƙofa, kuma Mai Kwala suke kiranta. In ta dubi yaro sau ɗaya za ta faɗi awon wuyansa, a sa tef a tarar haka ne. Wannan kujera ta bakin taga ce aka so raba ta da ita bara, shi ya sa nake rubuta yadda abin ya faru tun ban manta ba.

Tun tana da shekara ashirin da shida al'adarta ta fara ɓacewa wata uku, wata huɗu. Gashi ya tsiro mata a haɓa, bayan wuyanta ya yi duhu kamar ba ta cuɗawa. Hoton asibiti ya nuna ƙananan ƙululluka jere a ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Likitar lokacin ta ce sunan ciwon PCOS, ta ba ta magani, ta ce ta rage ƙiba. Mu kuwa a gida muka riƙe sunan gam. In Yaya ta gaji, ciwon nan ne. In ta yi fushi, shi ne. Ko tuntuɓe ta yi sai Inna ta ce, "Wannan ciwo dai."

Yaya ba mai son a tausaya mata ba ce. Ta zauna ta fitar wa kanta da riga mai dogon wuya, wanda ya hau har ƙarƙashin haɓa da maɓalli biyu, ya rufe duhun, ya ɓoye gashin. Ya yi kyau har malaman makaranta suna cewa a yi musu irinsa. In ya fara shaƙe ta sai ta warware, ta ƙara kwatan inci, ta goge. Aikin minti goma ne a wurinta, kuma ko mu da muke gida ɗaya ba mu taɓa ganin wurin ƙarin ba. Shekara shida babu likitan da ya ga wuyanta.

Bara abin ya sauya. Ana zufa tana sa rigar sanyi. Muryarta ta dushe, gashin kanta yana zuba har cikin zare. Barci yana ɗauke ta ƙafarta a kan keke. Ranar da ta ɗinka kwala goma sha biyu a juye, mai shagon ta zube su a gabanta.

"Mai Kwala, ni ba korarki zan yi ba. Daga farkon wata ki koma teburin guga."

"Guga? Inda ake ajiye 'yan koyo?"

"A can in kin yi gyangyaɗi zafi zai tashe ki."

Aka yi dariya, ban da mai maɓalli, ƙawarta da ke zaune kusa da ita. Da suka fito cin abinci ta ce, "Ke ƙawata, sau huɗu ina matsar miki da maɓallin wuya a shekarar nan, na ƙugu ko sau ɗaya ban taɓa ba. Ko wuyan ne kaɗai yake cinye abincin?"

Da yamma Yaya ta juye akwatinta a tsakar ɗaki, ta ce in riƙe mata bakin tef. Muka auna rigunanta daga tsohuwa zuwa sabuwa. Ƙugu yana nan inda yake tun bara waccan. Wuya ya ƙaru da inci ɗaya da rabi. Ta daɗe tana kallon tef ɗin.

"Na auna dubban mutane," in ji ta. "Ƙiba ba ta tafiya haka."

Inna ta leƙo. "Ai ciwon naki ne, 'yar nan."

"Inna, ciwon nan ya gaji da ɗaukar laifi. A bar shi ya huta."

Ta sa almakashi ta yanke wuyan riguna huɗu, ta zuba a jaka.

Washegari na raka ta asibiti. Wani sabon likita muka samu, matashi, idonsa a kan takardunta. Ya karanta sunan ciwon da ƙarfi, ya fara zancen rage abinci da yawan tafiya, sannan ya ce in maganar haihuwa ce ta kawo ta, sai haƙuri.

"Likita, ban zo don haihuwa ba. Na zo don kujerata."

Ya ɗago. Ta jera masa wuyan rigunan a kan tebur, ƙarami zuwa babba.

"Hajiya, ni ba tela ba ne."

"Na sani. Ni ce telar. Kai kuma aikinka ka gaya mini abin da yake girma a ciki."

Sai ta ɓalle maɓallan nan biyu. Ni kaina rabon da in ga wuyanta a fili har na manta. Ga gashin, ga duhun, ta ɗaga haɓa ba ta ko sunkuyar da ido ba. A ƙasan maƙogwaro akwai wani ɗan tudu. Likitan ya ajiye biro, ya ba ta ruwa ya ce ta haɗiye, ya sa yatsu yana ji. Ya tambaye ta jin sanyi, ya tambaye ta barci da murya.

Ya ce akwai wata 'yar halitta a gaban wuya, tayirod, ita ke saita saurin aikin jiki. In ta yi rauni mutum zai ta jin sanyi da kasala, gashi ya zube, al'ada ta rikice, wani lokaci ta kumbura. Ya ce masu PCOS sun fi sauran mata samun wannan matsala, kuma alamun sun yi kama, shi ya sa ɗaya take laɓewa a bayan ɗaya.

"To me ya hana a duba tun tuni?" in ji Yaya.

Ya ce, "Ya kamata a ce an duba."

"To rubuta mini gwajin da za a yi," in ji ta.

Gwajin jini ya nuna haka ne. Aka ba ta ƙaramar ƙwaya, kullum da safe kafin ta ci komai. Likitan ya ce tsohon ciwon yana nan, za a ci gaba da kula da shi, kuma sai an yi makonni kafin ta ji sauyi. Farkon wata kuwa saura kwana tara.

Ranar ɗaya ga wata ta shiga shago ta wuce teburin guga kamar ba ta san shi ba, ta zauna a bakin taga ta zura zare. Mai shagon ta taso. Yaya ta miƙa mata takardar asibiti.

"Ni takarda ba ta ɗinka mini kwala."

"Gaskiyarki. Ki ba ni wata biyu. Duk wuyan da na ɗinka ki duba shi da idonki kafin ya fita."

"In kika sake juyawa fa?"

"In warware in gyara bayan an tashi. A kan kujerata."

"Kai, Mai Kwala, taurin kanki ya fi kwalarki."

"Da shi kika ɗauke ni aiki."

A makon farko ta juya guda biyu, ta zauna ta warware su. A mako na uku ta juya ɗaya. Ranar Litinin ta mako na bakwai ta kai tulin aikinta teburin dubawa, mai shagon tana waya, ko juyowa ba ta yi ba, ta yi mata nuni da hannu ta wuce da su wurin maɓalli.