Kawu Sumanu da Wandon Gwamnati

Ku da kuka san Kawu Sumanu Tela kun san ba ya gaisawa da mai kaki kamar sauran mutane. Zai miƙa hannun dama a yi musabaha, na hagu kuwa tuni ya kama bakin hannun rigar mutum, yana murza yadin tsakanin babban yatsa da manuniya, ido a lumshe kamar mai ɗanɗanar miya. Jandarma ne, ɗan duwan ne, wato kwastan, mai raba wasiƙa ne, duk ɗaya. In ya saki, ko ya yi tsaki ko ya gyaɗa kai, shi ke nan an yanke wa gwamnati hukunci.

"Bar jin ta rediyo," in ji shi. "In kana son sanin abin da gwamnati ke kashewa, taɓa wandon yaranta."

Ni Salifu, ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ke jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Paraku da Jugu tun ƙasar nan tana Dahome, ba a daɗe da karɓar mulkin kai ba. Shagonsa yana unguwar Albarika a Paraku, dangi kuwa duk suna Jugu, don haka kowane wata sai na ɗauke shi a gaban mota. Bai taɓa biyana ba. Wai surutunsa ne ke hana ni gyangyaɗi, ni ma ya kamata in riƙa yi masa godiya.

Asalin ciwon kuwa, sau ɗaya tak ya taɓa ƙetare iyaka ta bayan Nikki, ya je ɗaurin aure, ya murza rigar wani ɗan kwastan na Najeriya. Sau ɗaya fa, jama'a! A kan wannan murzawar ya gina ilimin shekara ashirin.

Wata rana mun wuce Turu kaɗan, sai ga shinge, wani jandarma saurayi ya jingina da bishiyar kaɗanya yana ɗaga hannu. Fitilar motata ɗaya a fashe take. Na ce, "Kawu, don girman Allah ka zauna, kada ka ce uffan."

Kafin in rufe baki ya sauka. Ya murza wandon jandarman, ya girgiza kai kamar ya je ta'aziyya.

"Wayyo ɗana. Ka san na Najeriya? In mai shi ya tuɓe wando ya ajiye, wandon zai tsaya da ƙafarsa ya ci gaba da gadi. Wannan naka kuwa, in ka yi atishawa mai ƙarfi sai mata su rufe ido."

Na fara salati a zuci. Jandarma ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sassauta murya ya ce, "Baba, c'est vrai, gaskiya ne." Ya juya mana baya a hankali. Ashe ba don jin daɗin inuwa ya manne wa bishiyar ba tun safe. Wandon ya ɓarke tun daga ƙugu!

Kawu ya zaro allura daga hularsa, inda take zaune kullum. Muka sa hukuma a gaban mota, ta rufe cinya da buhu, shi kuwa ya zauna a kan taya yana faci yana wa'azi. Ba wanda ya tambayi fitila, balle takarda. Da muka tashi Kawu ya dube ni ya ce, "Ka shaida, yau ni na ɗauki nauyin tsaron ƙasa. Da zarena."

To kada ku ɗauka shi mutumin Najeriya ne. Wai! Ku bari baƙo ya faɗi irin abin da yake faɗa.

Akwai wani Alhaji Garba, dillalin shanu daga can ƙetare, da ke sauka a unguwarmu in ya zo kasuwa. Ranar nan ya zauna a shagon Kawu yana jiran a kama masa wuyan riga, ya buɗe baki: su an yi musu gada, an yi musu kwalta, abin da gwamnatinsu ke zubarwa a gari ɗaya ya fi na Dahome gaba ɗaya har da kajinta. Na ce yau Kawu ya sami abokin hira. Sai na ji keken ɗinki ya tsaya cak.

"Alhaji, ku nawa ne a gidanku?"

"Wane gida?"

"Ƙasar taku."

"Ai ba ma ƙirguwa!"

"Madalla. Mai gida ya shigo da turmi goma na atamfa, amma gidan cike yake har soro, har bayan ɗaki. Maƙwabcinsa ya shigo da turmi ɗaya, su biyar ne da tsohuwa. Ranar salla, a wane gida za a fito da riga mai hannu?"

Alhaji ya ce ai goma ta fi ɗaya.

"A kan kantar shago, ƙwarai. Ni a jikin mutum nake awo."

Suka yi ta yi har la'asar. Alhaji ya ɗauki rigarsa ba wuya ya fita yana huci. Na matso na ce, "Kawu, ba kai ne shekaranjiya ka ce wandonsu yana gadi shi kaɗai ba?"

"Shekaranjiya da ɗan gida nake magana."

"To wanne ne gaskiya?"

"Duka. Gwamnatin nan tawa ce, ni ke zagin abata. Wani ba zai sha shayina ya taya ni ba."

Abin bai zama na tsoro ba sai da aka shiga zamanin juyin juya hali, lokacin da aka sauya wa ƙasa suna, kowa ya koma kamarad, har da mai sayar da cukun wagashi. Tuta ma aka sauya: mai launi uku ta tafi, aka kawo kore zalla da ɗan jan tauraro a kusurwa. Aka ba teloli aikin ɗinkawa. Kawu ya ɗaga tasa a bakin shago, rana tsaka, ya ce da ƙarfi, "Allahu akbar, talauci ya kai tuta!"

Washegari takardar kira ta iso daga ofishin 'yan sanda. Matarsa, Inna Asibi, ta naɗe masa tabarma da bargo tana kuka, don a lokacin wanda aka kira ba lalle ya kwana gida ba. Ni na raka shi.

Komiser, shugaban ofishin, ya dube shi ta saman tabarau. "Kamarad, an ce ka zagi tuta."

"Ni? Yabo na yi, ranka ya daɗe."

"Ba a cewa ranka ya daɗe yanzu."

"To kada ya daɗe. Abin da na ce, a karon farko mun sami gwamnati mai tattali. Waccan tutar yadi uku, zare uku, ɗinki biyu. Wannan kuwa faifai ɗaya, tauraron ma ƙyallen da ya faɗi ƙasa ya isa. Wa ya taɓa tausaya wa tela haka?"

"An ce kuma ka ambaci Najeriya."

"Na ambata. A da mun fi su da launi ɗaya, kuma shi kaɗai ne abin da muka fi su. Yanzu su biyu, mu biyu. Ba daidaito kuke koya mana ba?"

Komiser ya ɗaga wani fayil ya rufe fuskarsa. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Daga bayan fayil ɗin murya ta fito, "Sortez! Ku fita, kada in ƙara ganinku."

Da muka sauko matakala sai da Kawu ya dafa ni. Ya ce wai sanyin simintin ofis ne. Bai gama tsayuwa daidai ba ya raɗa mini, "Ka ga rigarsa? Wannan yadin ba gwamnati ta saya ba." Na toshe masa baki da hannuna, na ja shi har bakin titi.

Wanda ya kayar da shi a gardama mutum ɗaya ne, ɗansa Isufu. Yaro ya girma, ya iya gini, ga labarin kuɗin mai yana ta shigowa daga ƙetare. Ya durƙusa gaban uban ya ce zai tafi Najeriya. Kawu ya jawo zancen turmi goma, ya jawo na riga mai hannu.

Isufu ya ce, "Baba, tun ina rarrafe nake jin kana cewa tasu ta fi."

"Hira nake yi!"

"Ni kuwa na ɗauka karatu ne."

Kawu ya juya ya koma kan kekensa. Ranar tafiya, a tasha, bai yi wa yaron nasiha ko ɗaya ba, sai faɗa da direba a kan yadda ya ɗaure kaya. Da motar ta ɓace ya ce in kai shi Jugu. Tun daga Paraku har muka shiga gari bai yi magana ba, ranar ce kaɗai na yi gyangyaɗi a hanyar nan.

Shekaru suka shuɗe, wasiƙa jefi-jefi. Sai ga labari an ce baƙi su bar ƙasar can. Kwana tara ba mu san inda Isufu yake ba. Kawu ya fito da kekensa bakin hanya, wai haske ya fi a nan, amma ƙyalle ɗaya ya yi ta bi yana farkewa. Rana ta goma, da hantsi, sai ga mutum ya doso, ya rame, jaka ɗaya a kai, takalmi ƙafa ɗaya. Unguwa ta taru, kowa na jiran Kawu ya ce ai na faɗa maka.

Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "To, na yarda, tasu ta fi. Dubi motoci da sojojin da suka tara don su koro mini kai kaɗai. Tamu ko korar mutum ba ta da halin yi. Shiga ka ci sakwara."

Aka fashe da dariya, har Isufu. Amma ni na bi su ciki. Inna Asibi ta ajiye kwano, Kawu ya wanke hannu bai sa a ciki ba. Ya zauna yana tura wa yaron nama gabansa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa barkonon miyar ne ya yi yawa.

Damina biyu bayan haka ya rasu a Jugu, kansa a cinyar Isufu.

Allah ya jiƙan Kawu Sumanu, ya yafe masa abin da harshe ya ɗauko, ya yalwata masa makwanci. Mu da ya bari, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.