Jimrau Maƙeri da Tauraron da Ya Tsufa

An haifi Jimrau a shekarar 1891 a garin Kornaka. Mahaifinsa shi ne Harisu Maƙeri, mahaifiyarsa kuma Zara, 'yar wasu makiyaya da fari ya koro daga arewa.

Koyon sana'a

Bai yi nisa a karatun allo ba, domin tun yana ƙarami aka zaunar da shi bakin zuga-zugi. Maƙeran gidansu suna da wata al'ada ta auna idon mai koyo da wani tauraro mai haske da ke zaune shi kaɗai a kudu maso gabas bayan magariba a lokacin bazara, daidai sa'ad da ake ƙirar hauya. Launinsa ja ne mai ratsin rawaya, suna kiransa Garwashi. Idan ƙarfen da ake ƙira ya huce, ya sauko daga fari ya kai wannan launi, wajibi ne a mayar da shi wuta, in ba haka ba ya tsage. Harisu yakan nuna tauraron ya ce: "Wanga tsoho na. Ya kumbura, ya yi girma, shi ya sa kaka ganin haskenai, amma wutatai ta yi sanyi, gawayinai ya kusa ƙarewa."

Aure da zuri'a

A 1916, bayan babbar yunwa, ya auri Uwale. Sun haifi 'ya'ya shida, uku suka rayu. A 1940 Faransawa suka ɗauki ɗansa namiji tilo, Tanimu, aikin soja. Ya dawo lafiya, amma da hannun tuƙin kamyo, wato babbar motar kaya, ya zauna Maradi, kuma bai sake taɓa awartaki ba.

Zama a Dakoro

A 1948 Jimrau ya ƙaura zuwa Dakoro, inda kasuwa ta fara cika. Sunansa ya kai Sabon Maci da Ajekoriya a lokacin da ƙarfinsa ya riga ya soma ja da baya. Jiki ya yi nauyi, ƙafafu suka kumbura, ga oda ta ko'ina, ga shi babu magaji. Ya gaji ƙwarai, sai dai ya ƙi ajiye guduma, yana jiran Tanimu ya sake shawara.

Ajiye guduma

A daminar 1954 hauyoyin da ya ƙera suka riƙa tsagewa a gonaki tsakiyar noma, kuma saboda kunya babu manomin da ya kawo masa ƙara. Da bazara ta zagayo ya fita ƙofar gida bayan magariba, ya ga Garwashi ya zama fari dishi-dishi, ya tambayi Uwale ko tauraron ya sake launi. Ta ce: "Malam, yana nan ja kamar kullum." Nan ya gane idonsa ne ya dushe, ya ce: "To, ni na riga shi." Washegari bai hura wuta ba, bai kuma sake hurawa ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 1958, aka yi jana'izarsa a Dakoro bayan la'asar. Ya bar matarsa Uwale da 'ya'ya uku: Tanimu direba, da Hanatu, da Aisata. Uwar maƙerarsa tana nan a tsakar gidan, a jikinta ake ɗaure akuya. Allah ya jiƙansa, ya ba shi hutun da bai samu ba a duniya.