Ilyasu Direba da Injin da Aka Ciro Tun Ba a Rufe Shi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ilyasu Ɗan Tibiri, direban da ke ɗauko mu, mata masu zogale, daga Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi. Ina bayan motar, zaune bisa buhu, sa'ad da abin ya faru. Shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Ilyasu, mun yi shekaru muna shiga tsohuwar akori-kurar nan da kake tuƙawa. Tafiya take kamar ƙosasshen jaki. In mun yi maka tsiya sai ka ce, "Inna Maijidda, ke ce ke sauri ko zogalen?" Ba ka taɓa wuce tsohuwa a bakin hanya ba. Da hannunka kake yayyafa wa buhunanmu ruwa don kada ganye ya yi yaushi. Ranar da naƙuda ta kama ɗiyata a lambu, zube kayan ka yi, ka kai ta asibiti, ka koma ka sha faɗan mai mota kai kaɗai.

Mai motar nan, Alhajin da na sakaya sunansa don darajar iyalinsa, shi ne ya ga sawun da kake yi a yini bai ishe shi ba. Ya sa aka cire tsohon injin a wani gareji na Sabon Gari, aka ɗora na zamani mai ƙarfin gaske. Birki kuwa aka bar shi yadda yake, birkin da ya girmi 'ya'yanmu. A gabana ka ce masa motar ta fi ƙarfin birkinta. Ya ce, "In ka gaji, aje makulli." Kana da mata da 'ya'ya, ina za ka aje?

A gangaren shiga gari birki ya ƙi, ga amalanke cike da mutane a gabanmu. Ka ɗaga murya ka ce, "Ku riƙe, iyayena!" Sai ka karkatar da motar, ka ba itacen gawo ɓangarenka. Mu mun tashi da ƙujewa da targaɗe. Kai ba ka tashi ba.

A zaman makoki kowa na cewa ƙaddara ce. Na yarda, wallahi na yarda, kwananka ne ya ƙare. Amma maza na hanyar maƙabarta a Tibiri da gawarka, makanikan Alhaji kuwa suna can gindin gawo suna kwance inji. Har albishir aka kai masa, wai injin lafiyarsa lau. Haba jama'a! Wannan ma ƙaddara ce?

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo da buhun shinkafa, ya shaida wa taro cewa don marayu ya ba ƙanenka Zakariya'u tuƙin wata mota. Aka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa na taka har garejin. Wata tsohuwar mota ce, sa'ar waccan, kuma injin nan ne a cikinta. Na tambayi makanikin ko an taɓa birki, sai ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci har na kasa yi masa sallama.

Zakariya'u, ɗana, ka ce mini nauyin marayu ya dawo kanka, ba ka da yadda za ka yi. Na sani. Amma mu masu zogale mun gama magana: ƙafarmu ba za ta taka motar nan ba sai an gyara ta, ko da ganyenmu zai bushe a lambu. Ina roƙonka don girman Allah, kai ma kada ka shige ta.

Allah Ya jiƙanka, Ilyasu, Ya haskaka makwancinka, Ya sa rayukan da ka tsare su zame maka hujja ranar gobe. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hidaya da 'ya'yanku, da dangi na Tibiri baki ɗaya. Mahaifiyarku kuwa maza biyu ta haifa. Allah Ya ba ta haƙurin wannan rashi, Ya kuma bar mata wanda ya rage.

Maijidda mai zogale, Jiratawa